Albasa a Wuyan San Arzika

Duk yaron da aka turo mini ya koyi aiki, ranar farko allura yake zuba wa ido. Zai ga na zuƙo magani, na daki cinyar akuya, na caka, mai akuya ya yi godiya ya ja abarsa. Sai ka ga yaron yana murmushi, a ransa yana cewa ashe shi ke nan aikin. Wani ma tun bai san inda hantar tunkiya take ba yake tambayata yaushe zai buɗe nasa shagon. Nakan ce masa ya bari jaki ya fara harbinsa tukuna, sai mu sa rana. Kallon kitse kuke yi wa rogo, 'ya'yana. Ku ajiye wayoyin nan ku saurara.

Kayan aikin likitan dabbobi na farko igiya ce, ba allura ba. Wanda bai iya kayar da sa da igiya ɗaya ba tare da ya karya shi ko ya karya kansa ba, ya je ya sayar da dusa, ita ma sana'a ce. Bayan igiya sai takalmin roba mai zuwa gwiwa, sai doguwar safar hannu mai kaiwa kafaɗa, sai ɗan ma'aunin zafi, sai hanci. Kada ku raina hanci. Sau da yawa tun daga zaure nake sanin abin da ke damun dabba, kafin mai gida ya gama yi mini ƙarya.

Saniyar farko da na sa wa hannu ta wani masunci ce a bakin gulbi a Argungu, lokacin ina bin marigayi Malam Dikko, tsohon malamin dabbobi da ya koya mini aiki kafin in je makaranta in karɓo takarda. Ta kwana tana naƙuda, ɗan ya ƙi fitowa. Malam Dikko ya samu kujera ya zauna, ya ɓare goro, ya ce in tuɓe riga in shiga. Na tura hannu har kafaɗa, kuncina manne da gindin saniya, ita kuwa ta ga lokaci ya yi ta sake mini abin da ta ci jiya a kan ƙeya.

Ya ce, "Mi kaj ji ciki?"

Na ce, "Malam, ɗumi."

Ya ce, "Ɗumi ba a jawo shi da igiya. Nemi ƙahwa."

Na nemo ƙafa, na ɗaura igiya, muka jawo maraƙi da rai. A hanyar komawa ya dubi damtsena ya girgiza kai, ya ce wannan hannu na ɗan dambe ne, Allah ya jiƙan awakin da za su haihu a gabana. Bai yi ƙarya ba, har yau in ƙaramar akuya ta kasa haihuwa sai na nemi mai siririn hannu ina gaya masa yadda zai yi.

Majinyacinmu ba ya magana, mai shi kuma magana ta yi masa yawa. In ya ce maka jiya-jiya ciwon ya fara, to ya kwana bakwai ko fiye. In ya rantse bai ba ta komai ba, ka tabbata ta sha kanwa, ta sha manja, ta haɗiyi kafso mai ja da rawaya, an kuma yi mata turare da tsohon takalmi. Sai duk an gama waɗannan ake tuna akwai likita. Manoman shinkafar Zauro da Ambursa sukan kawo shanun da fadama ta cika wa hanta da tsutsa. Alhazan Birnin Kebbi sukan kira ni don rago ya yi atishawa, alhali direbansu yana tsaye yana rawar ɗari ba wanda ya ce masa sannu. Akwai wata Hajiya mai kyanwa da ta taɓa tambayata ko kyanwar tana da hawan jini. Na ce yadda take cin kifin gidan nan, maigidan ya kamata a auna.

Abin da ya raba mu da likitan mutane shi ne wuƙa. Shi in ya makara gawa zai tarar. Mu in muka makara tsire za mu tarar. Ba Musulmin da zai zuba ido dabbarsa ta mutu mushe, a jawo ta a jefar a bayan gari. Da zarar ta fara shure-shure sai a juya ta alƙibla a sa mata wuƙa, ko ba komai a tsira da naman. Saboda haka duk aikin da muke yi, tsere muke yi da mahauci, kuma shi ba ya tsayawa auna zafi.

Nawa mahaucin, ko barunje kamar yadda ake cewa a can, sunansa Manu, mutumin Argungu. Ina da babban shago a Birnin Kebbi, da wani ƙarami a Argungu da nake buɗewa jefi-jefi, rumfar Manu kuwa tana kallon ƙofarsa. Da ya ga na ɗauki jaka da sauri sai ya goge wuƙa ya hau babur ya biyo ni. Ba ya shiga gida, gindin bishiya yake samu ya zauna yana sakace. In na fito ina murmushi ya ce mini sannu da aiki kamar an yi masa mutuwa. In na fito fuska a ɗaure ya miƙe yana gyara wando. Na sha ce masa ungulu ba ta jewar banza, shi kuma ya ce ai ungulu ma Allah ya halicce ta. A haka muka tsufa tare, har gidansa nake zuwa suna.

Sai shekarar korona ta zo. Da aka fara zancenta a rediyo, ni abin bai zo mini baƙo ba. Mun ga ciwon huhun shanu, mun ga murar tsuntsaye, mun san yadda cuta ke bin numfashi daga wannan garke zuwa wancan. Na yi shekaru ina roƙon mutane su ware saniya mai tari daga cikin 'yan'uwanta, ana ce mini Allah ke tsarewa. Sai ga shi rana ɗaya an ware masu shanun su kansu, an ce kowa ya zauna a turkensa. Ba zan ce na ji daɗi ba, amma ban yi kuka ba.

Kukan ya zo daga baya. Aka rufe iyakokin jiha, maganin da muke sarowa daga Kano da Legas ya yanke. Rigakafin kaji da ke buƙatar sanyi, in ma ya samu ya iso, sai ya zo da ɗumi kamar kunu, a zubar. Yaran shago na sallame su suka koma gidajen iyayensu. Makarantu a rufe, ba biki ba taro, masu kiwon kaji suka rasa inda za su kai ƙwai, aka yi ta rabawa har 'ya'yana suka koma gudun ƙwai. Aikin kuma ya koma ta waya. Wani mutumin Ambursa ya ce bari ya kara wa ragonsa waya a baki in ji irin tarin da yake yi. Na ji numfashi, na ji ƙaras, sai layi ya ɗauke. Da yamma ya kira ni da wayar maƙwabci yana tambaya ko batir yana narkewa a ciki.

Mutane kuma suka gano cewa maganin shanu ya fi nasu ƙarfi, tunda sa ya fi mutum girma. Wani Alhaji mai mutunci ya shigo shagona yana waige-waige, ya rage murya ya ce in taimaka in yi masa allurar shanu ko rabi ce, don korona ta ji tsoronsa. Na ce ba matsala, amma mu a ƙa'idarmu sai an ɗaure ƙafafu an kayar, wani ya danne kai. Ya gyara babbar riga ya fita, bai yi mini sallama ba.

A hanya kuwa shinge ne ko'ina. Na samo takardar izinin wucewa na manna a gilashin tsohuwar farar motata ta ɗaukar abincin kaji, amma duk da haka sai an yi surutu. Wani ɗan banga ya taɓa ce mini ai dabbobi ma haƙuri za su yi har a buɗe gari. Wani kuma da ya ji ana ce mini likita ya miƙo goshi ya ce in auna shi. Na zaro nawa ma'aunin, na bayyana masa ta inda ake sa shi. Nan take ya ɗaga sanda ya ce in wuce.

Shekarar nan albasa ta yi kyau a ƙasar Augie, irin kyan da ke zama masifa. Motocin kudu suka yi ƙaranci, wanda ya yi lodi sai ya kwana a shinge har kaya su fara ruwa. Albasa ta cika rumfuna tana ruɓewa, warinta har kan titi. Manomi kuwa ba ya iya kallon guminsa yana lalacewa. Sai suka fara kwasar wadda ta fara taɓuwa suna zuba wa shanu, guda-guda, ba yanka ba komai. Na yi ta gaya wa duk wanda na gani cewa albasa da yawa tana tsinka jinin saniya, kuma sa haɗiya yake yi kafin ya tauna. Suka ce likita yana baƙin ciki don an daina sayen dusa.

Wata rana cikin azumi, bayan azahar, rana kamar ta fasa kai, ina shagon Argungu sai waya ta shigo. Arzika ne, wani manomi da ke wata tunga gaba da Augie. Na san shi, na san gidansa. Shanun huɗa biyu gare shi, farare, su yake yi wa gonarsa huɗa da su, su kuma yake kai wa gonakin mutane a biya shi. Albasarsa ta bana ta ruɓe kaf. Ga damina ta ƙarato, har an fara ganin hadari ta gabas. Sa ɗaya kuwa ba ya jan garma, in ɗaya ya faɗi ɗayan ya zama abin kallo, gidan kuma ya kwana da yunwa har wata shekara.

Murya ƙasa-ƙasa yake magana, yana jan hanci.

"Likita, don Allah kak ka hwaɗa ma kowa. Sana ya kamu da korona."

Na ce, "Mi yas same shi?"

"Tari shi kai, miyau na zuba, ba shi iya lumhwashi. Ni kau kwana ukku ina mura. Ni nis sa mai ita, likita. Ciki nai ya kumbura kamar ganga."

Da na ji miyau da kumburi na tambaye shi me san ya ci da safe. Sai ya ce wai 'yar albasa ce ba yawa. Na ce kada ya ɗura masa komai, ga ni nan.

Na fito yadda nake. Farar rigar aiki a jikina, takalmin roba, takunkumin da uwargida ta ɗinka mini a fuska don masu shinge. A bayan mota kuma akwai famfon feshi da na yi wa wani ɗakin kaji aiki da shi. Ina tayar da mota na hango Manu ta madubi yana harba babur.

Ku duba abin da mutanen tungar nan suka gani. Farar mota da takarda a goshi, mutum cikin fararen kaya ba a ganin fuskarsa, ga famfon feshi. Kwanaki ana ta yaɗa cewa 'yan korona suna yawo, duk wanda suka ji yana tari su jefa shi mota, ba a sake ganinsa. A tungar da kowa ke shaƙar ruɓaɓɓiyar albasa kuwa, wa ba ya tari? Ina shan kwanar masallaci na ga majalisa ta watse, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Wani ya bar takalmi, wani ya bar buta tana zuba. Na ga dattijo da furfura ya tsallake danga kamar ɗan akuya. Arzika kansa, da ya kira ni da bakinsa, ya ɗauka na kai ƙararsa ne na taho da hukuma. Na hango farar hularsa tana nutsewa cikin fadama.

Na fizge takunkumi na yi ta ƙwala kira, ni ne fa, likitan shanu ne. Ina! Na kira wayarsa, sai na ji tana kuka a kan tabarma a zaure.

Cikin gida matan sun kulle kansu a ɗaki da yara. Mutum ɗaya na tarar a tsakar gida, Inna Tumba, mahaifiyar Arzika, wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, busasshiya kamar kara. Tana zaune kan turmi kusa da turke, tana kore wa san ƙuda da mafici.

Na ce, "Inna, ke ba ki gudu ba?"

Ta ce, "Da wace gwiwa? Kuma in sun ɗauke ni su yi mi da ni? Taho ka dibi abin ga, ɗan nan."

San yana kwance, wuya a miƙe, harshe waje, miyau ya jiƙa ƙasa. Cikinsa ta hagu ya tashi ya fi ƙashin bayansa tudu, in ka buga sai ya amsa. Ɗan'uwansa yana tsaye a ɗaya turken yana kallo. Na bi wuyan da yatsu ta gefen hagu, sai na ji ta, dunƙule guda mai tauri, ta tsaya a hanyar abinci. Sa kullum cikin gyatsa yake, in hanya ta toshe iskar ta taru a tumbi ta danne huhu har ta kashe shi. Akwai wani ƙarfe mai tsini a cikin bututu da muke huda ciki da shi iska ta fita. Nawa ya karye tun farkon rufe hanya, sabon yana can Kano yana jiran a buɗe gari. Na ɗauko allura mafi kauri da nake da ita na soka a kwiɓin hagu. Ta fara tsiyayar da iska, siririya, tana yi tana toshewa da ciyawa. Wannan ba magani ba ne, jinkiri ne kawai.

Manu ya yi sallama daga zaure, karo na farko da ya shigo gida ba a kira shi ba. Ya dubi san sau ɗaya ya ce wannan ba zai ga la'asar ba.

Na tsuguna gaban tsohuwa na gaya mata gaskiya. Ko dai Manu ya yanka yanzu su tsira da nama, ko in gwada fitar da albasar. In na gwada kuma yana iya cikawa a hannuna kafin wuƙa ta kai, su tashi ba sa ba nama.

Manu ya ce, "Inna, mai shi ba shi nan. A jira shi?"

Ta ce, "Mai shi ni nih haihe shi. Nama kwana nawa za mu ci? Likita, gwada. Kai kau barunje, tunda ka zaka, aje yuƙa kusa ka kama mai kai. In ya tashi tahiya ka yanka."

Haka aka yi. Na ɗaure ƙafafu huɗu. Manu ya durƙusa ya riƙe ƙaho da hannu ɗaya, igiyar hanci da ɗaya, wuƙar a ƙarƙashin gwiwarsa. Yana yi yana ƙunƙuni, wai tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa wahala don dabba ta rayu ba. Na samo guntuwar ƙotar fartanya na cusa tsakanin turamen haƙoran san ta gefe don bakin ya zauna a buɗe. Sannan na sa manyan yatsuna biyu a ƙarƙashin albasar ta waje, na fara turo ta sama a hankali, har ta iso bakin maƙogwaro. Ina saki don in sa hannu ta baki sai ta sulale ta koma. Na sake turowa. Na danne ta da hagu na tura dama, hannun ɗan damben nan ya tsaya a gindin harshe, ko motsi. Aikin na hannu uku ne, biyu su tokare ta waje, ɗaya siriri ya shiga ya kamo. Maza kuwa duk suna cikin fadama suna ɓuya wa korona.

Sai na ji ƙarar awarwaro. Inna Tumba ce ke zare na hannunta tana ajiyewa kan turmi. Ta leƙa madafa ta fito da kwalbar man gyaɗa, ta shafe hannun dama har kafaɗa.

Na ce, "Inna, bakin sa na hwa. In icen ga ya goce, niƙe miki hannu za shi yi."

Ta ce, "Ka gama? To hwaɗa mini ta ina aka bi."

Na gaya mata ta haɗe yatsu wuri ɗaya, ta bi ta tsakiya ta saman harshe, kada ta kauce gefe inda turame suke. Ta kwanta ruf da ciki a cikin miyau da kashin shanu, tsohuwa mai azumi, ta yi bisimilla ta tura. Hannun ya shige kamar an auna shi. Na turo albasar, ina jin yatsunta ta cikin fata suna lalube, albasa ga santsi ga mai, tana kamawa tana kufcewa.

Sai allurar da ke kwiɓi ta yi shiru. San ya miƙe ƙafafu, idonsa ya juye ya koma fari, harshen ya fara yin baƙi. Na san wannan alamar, Manu ya fi ni saninta.

"Likita, shina tahiya! Inna, hid da hannu!"

Ba ta motsa ba. Kuncinta na manne da hancin san, idonta a rufe.

"Inna, don girman Allah hid da hannu! Mushe za shi yi! Asara za ki jawo ma ɗanki!"

Ya saki ƙaho ya zaro wuƙa, ya ɗora ta daidai inda ake yanka, bayan muƙamuƙi. Nan ɗin kuwa nan hannunta yake.

Ta ce, "Na taɓa ta. Yanka in kana iyawa, hannuna na ciki."

Manu ya tsaya da wuƙa a hannu. Sakin ƙahon da ya yi kuwa ya ba san dama, ya fizge kai sau ɗaya, ƙotar ta goce, bakin ya rufe. Na ji ƙara kamar an taka gyaɗa. Ba ta yi ihu ba, salati kawai ta yi. Manu ya jefar da wuƙa ya danna yatsu cikin hancin san ya ɓanɓare bakin da ƙarfin tsiya, ya tura ƙotar da gwiwa. Na tokare albasar da duk ƙarfina. Ta ja hannu a hankali, ya fito jina-jina, da albasa a tsakanin babban yatsa da manuni.

San ya yi wata doguwar gyatsa da ta cika gidan da wari. Na daɗe a sana'ar nan, ban taɓa jin ƙamshin da ya kai warin nan daɗi ba. Cikin ya fara saɓewa, ido ya dawo, ya ja numfashi har ƙura ta tashi. Ɗan'uwansa ya yi kuka daga turke.

Inna Tumba ta tashi zaune ta juya albasar ta duba, sannan ta miƙa wa Manu.

"Ungo, barunje. Ga rabonka."

Ya karɓa ya sa a aljihu. Sannan ya warware rawanin da ke wuyansa ya naɗe mata hannu, yana yi yana zagin maza.

Mazan suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, kowa da dalilinsa. Wannan injin ban-ruwa ya je dubawa, wancan akuyarsa ce ta tsinke. Arzika ne na ƙarshe, laka har ƙirji, yana atishawa. Ya ga san yana ƙoƙarin tashi ya washe baki. Sai ya ga rawanin da jini, ya durƙusa gaban uwarsa. Ita kuwa cewa ta yi ya tashi ya kwashe sauran albasar da ke gaban ɗaya san. Na sa shi da ita a farar motar da aka guje wa na kai su asibiti, a duba hannunta, a duba murarsa. Tasa mura ce kawai. Ita yatsu biyu sun karye, na tsakiya da mai bi masa, aka ɗora amma ba su sake lanƙwasawa ba.

Ruwa ya sauka, shanun suka yi huɗa, nasu da na mutane. Da kaka, an buɗe hanyoyi kowa ya manta da takunkumi, na bi ta tungar yin allurar hanta. Inna Tumba ta hana ni tafiya sai na ci abinci. Aka kawo tuwon sabon gero da miyar kuka, ta ce ita tsohuwa ce ba ruwanta da kunya, ta zauna daura da ni da nata kwanon. Ina kallonta tana yanko tuwo da yatsu uku, biyun nan a miƙe kamar ba nata ba. Loma ta faɗo mata a zane, ta tsince ta sake gwadawa, ta sake faɗuwa. Ta yi dariya ta ce hannun ya koma na yaro.

"Ci, likita. Geron san ga na. Shi yan noma shi."

Ni da nake cin abinci kusa da ruɓaɓɓen mushe ban damu ba, ranar tausayi ya kama ni, na kai loma baki ta ƙi wucewa. Ta ɗago ta dube ni, ta ga idona ya kawo ruwa.

Ta ce, "Haɗiye, ɗan nan. Hannun ga ba shi koma shiga bakin kowa."